Nauyin Jakar Verlene

Shekara goma sha ɗaya Cleotis Tuck ya yi yana auna jakar matarsa kowace safiya. Ba buɗewa yake yi ba, shi ba mai leƙe-leƙen jakar mata ba ne. Da zarar Verlene ta rataya ta za ta fita aiki, sai ya taso ya bar kofinsa yana hucewa, ya zura yatsu biyu ƙarƙashin igiyar, ya ɗan ɗaga. In ya ji nauyin da yake nema sai ya ce, "Yawwa," ya koma ya zauna. In kuwa bai ji ba, to ko bas zai tafi ya bar ta, sai ta koma ɗaki ta ɗauko.

Abin da yake aunawa wata 'yar ƙaramar bindiga ce mai cin harsashi biyar. Ya saya mata ita ne wata guda bayan sun binne ɗansu Lamont, wanda aka harbe a gidan mai da bindigar da wani ya bari a motarsa aka fasa aka sace. Aikin Verlene kula da tsofaffi ne gida-gida a nan garin Gary na jihar Indiana, a layukan da za ka wuce gida goma kafin ka ga uku masu labule a taga. Cleotis ya ce ya riga ya ba ƙasa mutum ɗaya, ba zai ƙara ba.

Da can akwai takardar izinin ɗaukar bindiga. Verlene ta yi layi, ta dangwala yatsa, aka ba ta, ta sa a walat. Duk sanda ta buɗe walat sai ta ga sunan jihar Indiana a jikin takardar, ta tuna abin nan yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. In za su Chicago, da ke jihar maƙwabta, taron coci ko biki, sai ta ciro bindigar ta kulle a durowa, Cleotis yana ƙunƙuni har su dawo. Daga baya manyanmu na Indiana suka zauna suka ce an sauƙaƙa wa talaka, kowane baligi marar laifi ya ɗauki bindigarsa a ɓoye ba sai da takarda ba. Tata ta ƙare a shekarar, ba ta sabunta ba, wa zai je ya yi layi don abin da aka ce ba a buƙata? To tun daga nan bindigar ta koma kamar makullin gida da man leɓe. Ba wanda ya zo ya ce mana sauƙin nan a bakin gadar shiga Chicago yake tsayawa, mu ma kuma ba mu tambaya ba.

Ranar wata Talata a watan Mayu, wajen ƙarfe tara na safe, Cleotis yana bayan gida yana shuka kuɓewa. Verlene ta leƙa ta tagar kicin za ta ce masa faten masararsa zai sandare, sai ta hango shi kwance a kan kunya, hularsa can gefe. Ta fita da gudu da silifas. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, idonsa yana kallonta yana son magana harshe ya ƙi.

Motar asibiti ba ta daɗe ba. Matar da ta duba shi ta haska idonsa, ta yi magana a rediyo, ta ce da alama abin a ƙwaƙwalwa yake, kuma masu iya wannan aikin suna Chicago, can za a wuce kai tsaye. Ana tura gadon za a sa shi a mota, Cleotis ya riƙe rigar Verlene da hannunsa mai lafiya.

"Ja... ka," ya ce da ƙyar.

"Tsoho, bar zancen jaka yanzu!"

"Ja... ka."

Ta san shi. In ba ta ɗauko ba, zai iya yunƙurin sauka daga gadon nan. Ta ruga ciki ta fizgo ta daga jikin ƙusa, ta dawo ta sunkuya. Ya zura yatsunsa biyu ya ɗaga, fuskarsa ta ɗan saki. Aka rufe ƙofa, aka ce ta shiga gaba kusa da direba. Duk tsawon hanyar wuyanta a juye yake tana leƙen 'yar tagar da ke bayanta, tana kiran sunan Yesu. Sun hau babbar gada, sun wuce allon da ke yi wa mutane maraba da zuwa Chicago, ita ba ta ma san an yi ba.

A asibitin aka shige da shi ta ƙofar motoci. Ta bi gadon, wani ma'aikaci ya tare ta da hannu, ya ce 'yan'uwa ta babbar ƙofa suke shiga, ta zagaya a ba ta kati, sannan ta hau hawa na huɗu. Ta zagaya tana haɗawa da gudu. Sai da ta shiga layi, mutum shida a gabanta, sannan ta ɗaga kai. A jikin gilashin ƙofar an manna hoton bindiga an ja masa jan layi. Ciki kuwa ga ƙofar ƙarfen nan mai ƙara in an bi ta da makami, ga masu gadi biyu suna buɗe jakunkuna ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan sanda zaune gefen tebur.

Jakar da ta yi shekara goma sha ɗaya a kafaɗarta ba ta taɓa jin nauyinta ba, yanzu ta ji igiyar tana cin namanta.

"Mama, layi kike ko addu'a?" in ji wani mutum a bayanta, da kwandon furanni a hannu.

Ta matsa ta ba shi hanya. Ta juya ta koma inda ta fito, silifas yana ƙoƙarin zame mata. Motar da ta kawo su tana nan, direban yana goge gadon. Wani jibgegen mutum ne mai jan gashi, an rubuta Wojcik a ƙirjinsa. Ta matsa dab da shi ta yi ƙasa da murya.

"Bawan Allah, Gary za ku koma, ko?"

"In ba a kira mu wani wuri ba."

"Don girman Allah ka taimake ni. Akwai abu a jakata. Ka tafi min da shi, ka jefa a akwatin wasiƙun gidana, ka ga gidan ai."

Ya dube ta, ya dubi jakar, ya ja da baya ya ɗaga hannuwa biyu sama.

"Ban ji ba, Mama. Wallahi ban ji komai ba. Da wannan kika zauna kusa da ni tun daga Gary? 'Ya'yana uku, kuma motar nan duk kyamara ce. In aka same shi a wurina, aikina ya tafi, ni ma na tafi."

"Mijina yana sama shi kaɗai."

"Na sani, ni na kawo shi. Ki kira wani daga gida." Ya rufe ƙofar baya, ya ƙi yarda su haɗa ido. Ta tsaya tana kallo har motar ta fice.

'Yarsu tana Indianapolis, tafiyar awa uku. Saura Purvis, yayan Cleotis, dattijon coci, mutumin da bai taɓa jin labari bai ce shi dama ya faɗa ba. Sai da wayar ta kusa katsewa ya ɗauka, tana jin iska da ƙarar ruwa.

"'Yar'uwa Verlene, kin kori kifina."

Ta faɗa masa a gurguje. Da ya ji zancen ƙanensa ya ce Ubangiji ya yi jinƙai. Da ya ji zancen bindiga kuwa sai muryar dattijon coci ta dawo.

"A Chicago? Da harsashi a ciki? Ke Verlene, ina hankalinki ya tafi? Sau nawa na tsaya a gaban jama'a na ce dokar nan ta gida ce, ba ta bin mutum ƙetare? Can ba wasa suke ba. Ɗan wajen Odessa ta cocinmu wata takwas ya yi a tsare, shi ma mantuwa ya yi. In suka rubuta ki a littafin masu laifi, wa zai ƙara ba ki makullin gidan tsohuwarsa?"

"Yaya Purvis, ba wa'azi na kira ka ka yi min ba. Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

"Zan zo mana, ƙanena ne. Zan taho da akwati mai kwaɗo mu kulle ta a bayan mota. Amma ina bakin tafki can gaba da Michigan City, kuma sai na biya gida. Ki ba ni awa ɗaya da rabi."

"Awa ɗaya da rabi!"

"Fuka-fuki gare ni? Ki samu wuri ki zauna. Kada ki shiga, kada ki gaya wa kowa, kada ki kuskura ko kallon ɗan sanda ki yi."

Tana kashewa wata lamba ta shigo. Muryar mace ce, mai sauri amma da taushi.

"Madam Tuck? Sunana Perla, ni ce nas ɗin da ke tare da maigidanki. Jini ne yake zuba a cikin kansa. Likita yana so ya shiga da shi tiyata nan da minti arba'in, ana shirya ɗaki. Kin amince?"

"Na amince. Ku yi duk abin da za ku yi."

"To kina ina? An ce tare kuka zo."

"Ina ƙasa."

"Ki hawo mana. Sai waige-waige yake, ya ƙi kwanciya. Ba zan ɓoye miki ba, maganarsa tafiya take yi. In kina so ya gan ki ya gane ki, yanzu ne. Bayan tiyata ba wanda zai iya yi miki alkawari."

"Ga ni nan zuwa," in ji Verlene. Ta ɗaga kai ta ƙirga tagogi har hawa na huɗu. Shekara talatin da takwas suna tare, mutumin nan ko allura za a yi masa sai ta riƙe masa hannu yana zagin nas ƙasa-ƙasa. Yau za a buɗe masa kai, ita kuma tana tsaye a titi da silifas saboda wani guntun ƙarfe da shi da kansa ya ce ta ɗauko. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa ya danne haushin, ta rasa wanda za ta yi wa kuka.

Ta bi gefen ginin ta sha kwana. A tashar bas akwai kwandon shara na ƙarfe, ba kowa sai wata tsohuwa tana gyangyaɗi a benci. Verlene ta cire ɗankwalinta, ta zura hannu cikin jaka ta naɗe bindigar a ciki, ta waiga hagu da dama, ta saki ƙunshin cikin kwandon. Ta ji ya faɗa kan gwangwani. Ta juya da sauri, kafaɗarta sakayau.

Taku goma ta yi. A na sha ɗaya ta ji ƙarar ƙafar keken kanti a bayanta. Wani mutum ne mai gemu buzu-buzu yake turo shi cike da gwangwanaye, yana bin kwandunan layin ɗaya bayan ɗaya yana tonawa. Saura biyu ya iso nata. Can tsallaken titi kuma ga makaranta, ana jin hayaniyar yara a fili.

Mutumin da ya bar bindigarsa a mota a Gary shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba ta taɓa sanin sunansa ba. Amma ba daren da ba ta tsine masa ba a shekarar farko. Ta sha faɗa wa Cleotis cewa wanda ya harba da wanda ya ajiye duk ɗaya ne a wurinta. Ta tsaya cak, ta rufe ido, ta ce, "Ya Yesu, kai ma ka san ba ni da lokacin wannan." Sannan ta koma da gudu.

Tare suka isa kwandon da mai gwangwani. Ta riga shi zura hannu har kafaɗa.

"Kai, kai, Mama! Wannan layina ne! Ki je can bayan banki, ba mai tonawa."

"Abuna na yar bisa kuskure."

"Kowa haka yake cewa. Gwangwani nawa ne, kwalba taki, mu rabu lafiya."

Yatsunta suka bi ta cikin ragowar burodi da kofunan kofi har suka taɓa ɗankwalin. Ta jawo shi ta cusa a jaka, hannun rigarta duk jan miya. Mai gwangwani ya bi ta da kallo yana girgiza kai, ya ce mutane sun lalace, har masu zuwa coci sun shigo sana'a.

Ta duba waya. Minti goma sha bakwai sun tafi. A bakin kwalbati ta ga ramin ruwa mai murfin ƙarfe, ta durƙusa kamar mai gyara takalmi ta gwada. Tsagogin ko tafin hannunta ba zai shiga ba, balle bindiga. Ta ja murfin da hannu biyu, ko motsi bai yi ba, sai farcenta da ya karye. Abin da ta iya kawai, ta buɗe bindigar a cikin jaka da lalube, ta zazzage harsasan a tafin hannu, ta zura su ta tsagar ɗaya-ɗaya. Ta ji faɗuwar huɗu a ruwa. Na biyar ya maƙale, sai da ta danna shi da ɗan yatsa.

"Anti, 'yar Indiana ce ke, ko?"

Ta ɗago a firgice. Wani mutum ne zaune kan 'yar katangar wurin ajiye motoci, zai yi shekara talatin, fes da shi, farin takalmi ko ƙura babu. Yana shan taba yana murmushi kamar sun saba.

"Kada ki tsorata, ni ba ɗan sanda ba ne. Tun daga kwandon shara nake kallonki. Duk sati sai an samu ɗaya daga cikinku, ku taho da kayanku ku zo ku ga ƙofar nan ku rikice. Wa gare ki a ciki?"

"Mijina."

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya. To kawo in riƙe miki. Nan nake wuni, kowa ya san ni. Ki shiga ki ga mijinki, ki fito ki same ni a nan inda kika bar ni. Ko sisi ba na so."

Ta san ƙarya yake. Ta haifi ɗa namiji, ta yi aiki a layukan Gary, ta san irin wannan ladabin. Amma ƙofar asibitin tana can taku hamsin, kuma in ta miƙa masa, cikin minti uku tana riƙe da hannun Cleotis. Wa zai sani? Hannunta ya shiga jaka da kansa, ya kama ƙunshin. Har ta fara jawowa.

"Da ma ba ki zubar da 'ya'yan ba," in ji shi, yana kallon ramin ruwan. "Asara kawai. Amma ba komai, ana samu."

Hannunta ya tsaya. Ta dube shi sosai, ta ga bai fi Lamont ba da a ce Lamont yana raye.

"Uwarka tana da rai?" ta tambaye shi.

"Tana nan garau. Me ya kawo zancenta?"

"Ka je ka gaishe ta." Ta zuge jakar ta matse ta a hammata.

Murmushin ya ɓace. "To tafi ki kai wa 'yan sanda, tsohuwa. Za su ba ki munduwa biyu kyauta, sai ki yi wa mijin naki kwalliya da su!"

Ba ta waiga ba. Ta sake zagaya ginin, ko Allah zai sa a ga wata ƙofar da ba a bincike. Ta samu ta masu kawo kaya, a kulle. Ta samu ta ma'aikata, sai da kati. Ta kira Purvis, ya ce yanzu ya fito daga gida, kuma an ce ana gyaran hanya wajen Hammond. Ta tsaya jikin wata bishiya tana haki, gumi yana bin bayanta, tana ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi ta ihu har wani ya zo ya karɓi abin nan daga hannunta. Duk garin nan mai mutum miliyoyi, ba wuri ɗaya da mace za ta ajiye abu na minti goma.

Wayar ta sake ƙara.

"Madam Tuck, Perla ce. Lafiya kuwa? Minti goma ya rage su zo ɗaukarsa. Ya daina magana. Idonsa dai yana kan ƙofa."

Verlene ta sa wayar a aljihu, ta goge hannunta a jikin siket, ta nufi babbar ƙofa. Ba ta bi layi ba. Mutane suna "Ke, Mama, daga baya ake farawa," ta wuce su har gaban teburin da ɗan sandan yake. Dattijo ne mai furfura a gefen kai da tumbi, an rubuta Bielski a ƙirjinsa, yana cin gyaɗa daga 'yar leda. Ta ɗora jakar a gabansa, ta shimfiɗa tafukanta biyu a kan tebur inda zai gan su.

"Ranka ya daɗe, akwai bindiga a jakar nan. Ba harsashi a ciki. Ba ni da takarda, daga Gary nake, a motar asibiti na zo. Mijina yana hawa na huɗu, yanzu za a shiga da shi tiyatar kai. Ka kama ni, ban hana ka ba. Amma don Allah ka kama ni a sama."

Masu gadin suka matso, ɗaya ya kai hannu ƙugu. Bielski ya ɗaga musu yatsa, ya ajiye gyaɗarsa, ya jawo jakar a hankali. Ya warware ɗankwalin, ya buɗe bindigar ya ga ramukan biyar fayau, ya sa ta a wata leda ya kulle a durowar teburin.

"Ina harsasan?"

"Suna ramin kwalbati."

"Tun yaushe kika iso?"

"An kusa awa."

Ya dubi hannun rigarta, ya dubi farcen da ke jini, ya dubi silifas. Ya ja dogon numfashi.

"Mama, kin san sai na rubuta. Mutum ashirin sun ji, kyamara ta gani. Ba ni da ikon in ce ban gani ba. Daga nan ofishinmu za mu, abin da zai biyo baya kuma ba a hannuna yake ba."

"Na sani."

"Hawa na nawa kika ce?"

Ya miƙa mata jakar, ya kama gwiwar hannunta, ba da ƙarfi ba, suka wuce ta gefen ƙofar ƙarfen. A cikin lif mai hawa bene ta rataya jakar, sai ta ji ta kamar ba komai a kafaɗarta. Nan take ta damƙe igiyar.

"Wayyo. Zai auna."

"Wa zai auna me?"

"Mijina. Kullum sai ya ɗaga igiyar nan ya ji ko tana ciki. In ya ji ba nauyi hankalinsa zai tashi, zai shiga tiyatar nan yana tunanin ina yawo a Chicago hannu sake. Ka ba ni wani abu mai nauyi, ranka ya daɗe. Ko mene ne."

Bielski ya dube ta. Ya shafa ɗamararsa, ya wuce ankwa, ya wuce rediyo, ya zaro wata gajeriyar tocila baƙa ta ƙarfe. Ya auna ta a tafin hannunsa, sannan ya jefa cikin jakar.

"Ta hukuma ce. Sai kin dawo min da ita."

Lif ya buɗe daidai ana turo gadon a baranda. Wata 'yar gajeriyar nas ta hango su, ta ce wa masu turawa su dakata. An aske rabin kan Cleotis, an yi zane da shuɗin alƙalami a fatar. Ya ƙanƙance a cikin zanen gadon, mutumin da ya yi shekara talatin yana juya narkakken ƙarfe a masana'anta. Idonsa yana ta yawo a rufi, sai da ta sunkuya ta sa fuskarta a gabansa sannan ya tsaya.

"Ga ni, Tsoho. Layi ne ya yi yawa a ƙasa. Ka san mutanen Chicago da son bincike."

Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Hannunsa na hagu ya taso daga kan zane. Ta ɗauka hannunta yake nema, ta miƙa, ya wuce shi. Ya bi hannun rigarta yana lalube har kafaɗa, ya samu igiyar, ya zura yatsu biyu. Ƙarfin ɗagawar ma babu, sai da ta ɗan sunkuyar da kafaɗa nauyin ya sauka a yatsunsa. Ya riƙe na ɗan lokaci. Ta ga goshinsa ya saki, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa yadda yake motsawa kowace safiya. Ba sauti, amma ta ji shi sarai.

"Sai mun tafi, Madam," in ji Perla.

Verlene ta sumbaci inda aka aske, ta ce masa kuɓewarsa tana jiransa, kada ya sa ran ita za ta yi masa ban ruwa. Aka tura gadon, ƙofofi biyu suka buɗe suka rufe. Ta tsaya tana kallon 'yar tagar da ke jikinsu har ta daina ganin komai sai farin bango.

"Awa nawa ake yi?" ta tambayi nas.

"Huɗu, wani lokaci shida. Ga ɗakin jira can, akwai kofi. Da an fito zan zo in same ki."

Verlene ta waiga. Bielski yana tsaye nesa kaɗan, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana kallon ƙasa.

"Ba a nan za ki same ni ba," ta ce wa Perla. "Yayansa yana hanya, Purvis sunansa. Mai surutu ne, ki yi haƙuri da shi. In mijina ya farka ya tambaye ni, ki ce na je gida ɗauko masa kaya."

Ta buɗe jakar ta ciro tocilar ta miƙa wa ɗan sandan. Ya karɓa ya mayar ɗamara, ya danna maɓallin lif na sauka. Suna tsaye suna jira, ta lura har yanzu kafaɗarta ta hagu a ɗage take, ta saba da ɗaukar abin da ba ya nan. Ta yi ƙoƙarin sauke ta, ta ƙi sauka.